Yadda zaka mayar da wayarka karnen asibiti na biyu, daga mai jinyar mahaifiya a Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Abinda yasa na zauna nake rubuta wannan, wata ranar damina ce da muka kai Inna asibiti nan Garwa a arewacin Kamaru, kanta yana sarawa, idonta yana gani dishi-dishi, likita ya miƙo hannu yace ina karne, wato littafin asibitin da ake rubuta bayanin jinyarta, na laluba leda na ciro ashe ruwa ya shige shi tun muna kan moto, biro ya narke, shafi ya manne da shafi. Yace toh wane maganin tansiyon, wato hawan jini, take sha? Ni da ƙanwata muka kalli juna, nace wani fari ne ƙarami na safe, da wani mai ɗan tsawo da ake sha bayan abinci. Bawan Allahn nan baiyi mana faɗa ba, ya juya wajen Inna yace Hajiya kiyi haƙuri, farin ƙaramin magani a farmasi yafi kala ɗari. Dole aka sake analiz, wato gwaje-gwaje, daga farko, aka sake biyan kuɗi, muka yini a benci. Kuma duk wannan abin da akeyi waya tana aljihuna, mai kamara mai kyau, cike da hotunan biki da bidiyon wa'azi, amma hoton ordonas, wato takardar da likita yake rubuta magani, ko ɗaya babu a ciki. Wallahi abin ya tsaya min a rai har yau.

Shekara uku kenan nike riƙe da jinyarta, hawan jini da ciwon suga duka biyun, kuma abinda zan faɗa muku shine abinda mukeyi a gidanmu yana mana aiki. Ba sai ka sayi waya mai tsada ba, Tecno ko Itel ɗin dake hannunka ta isa. Ni a ganina babban amfanin waya a jinya ba wata manhaja ce mai ban mamaki ba, amfaninta shine ranar da likita ya tambaye ka ya samu amsa ta gaskiya, da suna da lamba da kwanan wata, ba wai "ina jin kaman" ba.

Farko dai a zaɓi mutum ɗaya a gida wanda zai riƙe maganar. Ɗaya tak. In akace kowa ne mai lura toh babu mai lura, yau yaya ya kaita asibiti gobe ƙani jibi suruka, kowa da abinda yaji likita ya faɗa. Wanda aka zaɓa shi zai riƙa ɗaukan hoton duk wata takarda tun kafin a fito daga ƙofar asibiti: shafin karne da aka rubuta ranar, ordonas, sakamakon labo, takardar eko ko radiyo wato hoton cikin jiki, har rasit ɗin kuɗi. Kuma akwai yadda ake ɗauka. Ka shimfiɗa takardan akan benci ko cinyarka inda akwai haske, kar ka kunna filash don yana sa wajen ya yi fari fat rubutu ya ɓace, ka goge gilashin kamara da bakin riga saboda ƙurar garin nan, ka tabbata sunan mara lafiya da kwanan wata da tambarin likita sun fito. In ka ɗauka ka buɗe hoton ka ja shi ya girma ka gani ko lamba tana karantuwa, in bata karantuwa sake, minti ɗaya ne.

Kwalin magani ma ka ɗauke shi gaba da baya. Anan akwai abinda mutane da yawa basu lura ba, kowane magani suna biyu gareshi, akwai babban suna na kamfani da aka rubuta da manyan baƙi, akwai kuma ƙaramin suna a ƙasansa wanda shine ainihin maganin, kaman amlodipine ko metformine, sai lamba a gefe, 5 mg ko 10 mg, 500 ko 850 ko 1000. Wannan ƙaramin sunan da lambar su likita yake nema. Yau zaka je farmasi a baka kwali shuɗi, wata mai zuwa a baka ja, ka ɗauka sabon magani ne alhali abu ɗaya ne, kuma na ga gidan da tsohon yake haɗa duka biyun yana sha yana ganin kala biyu aka rubuta masa, har jiri ya fara kayar dashi. Da an karanta ƙaramin sunan da hakan bata faru ba.

Toh ina za'a ajiye hotunan? In ka barsu cikin galeri zasu nutse cikin sauran tarkace, ranar da kake nema kana gaban likita kana ta gungurawa mutane na jira a layi. Mu abinda mukayi, mun buɗe gurup na WhatsApp mai mutum huɗu, ni da ƙanwata da yayanmu dake Yawunde da wani ƙaninmu dake kasuwanci tsakanin Kusiri da Njamena, muka sa masa suna Jinyar Inna, muka kafa doka ɗaya: ba gaisuwar Juma'a, ba turo bidiyon mai maganin gargajiya, ba komai sai abinda ya shafi jikinta. Kowane hoto in za'a tura sai a rubuta masa bayani a ƙasa, misali "ordonas 14 ga Maris, likitan zuciya", saboda gobe in ka rubuta ordonas a wajen bincike duk zasu fito a jere. Amfanin gurup shine ko an sace wayar mutum ɗaya ko ta faɗa ruwa, sauran suna da kwafi. Sannan ka kunna ajiyar WhatsApp zuwa Google Drive, ka rubuta imel ɗinka da lambar sirrinsa a takarda ka ɓoye a gida, don mafi yawanmu mai shagon waya ne ya buɗe mana imel ɗin ranar da muka sayi waya, bamu ma san lambar sirrin ba, ranar da waya ta mutu shikenan komai ya tafi.

Amma dan Allah kafin ka buɗe gurup ɗin ka tambayi mai jikin. Ni na zauna gaban Inna nace Inna zamu riƙa tura takardunki wa su Yaya, kin yarda? Tace su Yaya dai eh, amma banda matan gida. Haka akayi. Ciwo sirri ne, akwai wanda yake shan maganin ƙanjamau ko na tarin fuka ko wata lalura ta mata, hoto ɗaya in ya kuskure ya faɗa gurup ɗin unguwa zai iya kashe aure. Ka sa wa waya makulli, kuma in zaka kaita gyara ko zaka bada a tura maka fim ta Xender ka tuna abinda ke ciki.

Sai maganar tunatarwa. Akwai manhajoji da akayi don wannan, irinsu MyTherapy da Medisafe, kana sa sunan magani da lokaci, in lokaci yayi ta buga, in an sha ka danna, ƙarshen wata ta nuna maka ranakun da aka tsallake, kuma suna da Faransanci. Suna da kyau ga wanda ya iya karatu kuma wayar tana hannunsa kullum. Matsala ɗaya da zaka haɗu da ita, wayoyin nan namu irinsu Tecno da Infinix suna kashe manhaja a ɓoye don tattalin batir, sai kaga kwana biyu tana bugawa rana ta uku tayi shiru, dole ka shiga saitin batir ka cire ta daga cikin waɗanda ake kashewa. Ita Inna ƙaramar waya mai madanni take riƙewa, don haka alam ɗin wayar kawai muka sa mata, kuma muka ɗaura shi da lokacin da ta riga ta sani, na safe bayan ta idar da asuba ta karya, na dare bayan isha'i. Tsoho bazai tuna ƙarfe bakwai da rabi ba amma bazai manta isha'i ba. Sai ka tambayi likita ko lokutan da ka zaɓa sun dace da maganin, don wani kafin abinci ake sha wani bayan abinci, kuma in azumi ya gabato aje a tambaya tun Sha'aban yadda za'a juya lokutan, kar a juya da ka, musamman mai suga.

Akwai alam na biyu da yafi na farkon muhimmanci a wajena, na ƙarewar magani. Ranar da ka sayo kwali mai ƙwaya 30 ka ƙirga ka sa tunatarwa kwana biyar kafin ya ƙare. Kwana biyar ɗin nan sune na neman kuɗi da zagaya farmasi in ba'a samu a ta farko ba. Maganin tansiyon ba'a yanke shi wai don jiki yayi daɗi, jikin yayi daɗi ne saboda ana sha.

Yanzu bari na daɗe akan awo, don anan muka fi shan wahala kuma anan na ga mutane suna ruɗewa. In da hali a sayi na'urar awon tansiyon ta batir, wadda ake ɗaurawa a damtse, tafi ta wuyan hannu aminci. A zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba'a harɗe ba, hannu a ɗora akan wani abu daidai ƙirji, ba magana, ba'a gama shan shayi mai ƙarfi ko cin goro yanzun nan ba. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta duka. Ka ɗauki hoton fuskar na'urar ko ka rubuta a gurup: rana, lokaci, lamba ta sama, ta ƙasa, bugun zuciya. Abin ruɗun shine likitocinmu na nan da sukayi karatu da Faransanci zasu ce maka tansiyonta "14/9" ne, na'urarka kuma ta nuna 140/90, ka ɗauka ta ninka sau goma, alhali abu ɗaya ne, sifili kawai aka cire. Daga 140/90 zuwa sama in ya dawwama shine ake kira hawan jini. In kuwa ka ga ya kai 180/120, ko baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji yana ciwo, toh ajiye waya, ba lokacin tura hoto bane, nemo moto ko mota ayi asibiti.

Na suga yafi wannan ruɗarwa saboda awo uku ne suke yawo a yankin nan. Likita a Garwa ko Marwa ko Njamena zai yi maka magana da gram a lita, yace da safe kafin cin abinci daga 1,26 zuwa sama shine alamar ciwon suga. Na'urar da ka saya zata iya nuna 126, wato mg/dL, sai ka raba da 100 ka samu na likita. Wata kuma, musamman in daga Yola ko Mubi aka kawo, zata iya nuna 7,0 wato mmol/L, wannan sai ka ninka da 18 ka samu 126. Mu ranar farko da aka kawo mana tsarabar na'ura daga Najeriya ta nuna 6,5, ƙanwata ta fashe da kuka tace likita yace kar ya wuce ɗaya da ɗigo kaɗan gashi ya kai shida, Inna kuwa tana zaune lafiyarta ƙalau tana jan carbi. Da muka kai wa anfirmiye, wato nas, na unguwa ya danna kalkuleta, 6,5 sau 18 ya bada 117, wato 1,17. Don haka duk lambar da zaka tura wa likita ka haɗa da ƙananan baƙaƙen dake gefenta, ka kuma faɗa ko kafin abinci ne ko bayan abinci da awa nawa. Lamba tsurarta bata da ma'ana.

Ka san saukar suga ma, don ita tafi saurin kisa. In ya sauka ƙasa da 0,70 wato 70, mutum yana rawar jiki yana zufa yana ganin duhu, in yana cikin hayyacinsa a jiƙa sukari mai kwali ƙwaya uku a ruwa ya sha, bayan minti 15 a sake aunawa. In ya suma kar a ɗura masa komai a baki, ayi asibiti. Sannan zafin Maris da Afrilu na nan da yake haura 40 yana lalata 'yan tsinkayen awon suga da ake sawa a na'urar, mafi yawansu an rubuta a jikin robar kar su wuce 30, kar ka barsu a aljihun moto ko saman taga, ka rufe murfin da zarar ka zaro ɗaya.

Wani abu kuma da nake roƙonku, manhajojin nan da suke cewa ɗora yatsa akan kamara ko gilashin waya zasu gaya maka tansiyon ko suga ko zafin jiki, ku goge su. Gilashin waya baya ganin sugan dake cikin jini. Na ga matashi a majalisa yana auna dattawa da ita ɗaya bayan ɗaya kowa ana ce masa lafiya lau, raina ya ɓaci sosai, don cikinsu akwai wanda zai iya barin maganinsa saboda wannan wasan.

Toh magana da likita daga nesa fa? Tana yiwuwa kuma tana rage wahala, musamman ga na ƙauye da sai ya biya kuɗin mota daga Gashiga ko Lagdo ko Gidar don kawai ya nuna takarda. Akwai manhajoji na ƙasar nan kaman Waspito da ake ganin likita ta bidiyo a biya ta waya, kuma tun kafin ita wani ɗan Kamaru, Arthur Zang, ya ƙera Cardiopad, wato allon da nas zai ɗauki awon zuciya dashi a ƙaramin asibiti a tura wa likitan zuciya a birni ya karanta, har ya ci kyautar Rolex a 2014. Amma gaskiya mafi yawanmu WhatsApp ɗin likitan da ya saba ganin mara lafiyarmu shine hanyar. In haka ne ka nemi izininsa tukuna, kace Dokta in an samu sakamako zan iya turo maka, wane lokaci ne baya takura maka? In yace a'a kar kaji haushi, mutum ne mai iyali. In ya yarda toh ka iya tura saƙo. Kar ka tura "salam" kaɗai ka zauna jiran amsa, kar ka tura murya ta minti shida da rabinta gaisuwa ce. Saƙo ɗaya: sallama, sunan mara lafiya da shekarunta, ranar da ya ganta, maganin da take sha da lambarsa, abinda ya faru da tun yaushe, awon kwana uku na baya, hoton takarda, sai tambayarka guda ɗaya a ƙarshe. Likitan Inna da kansa yace min irin wannan saƙon yana amsa shi cikin minti biyu tsakanin mara lafiya da mara lafiya, wancan kuwa sai ya ajiye sai dare, daren kuma ya manta.

Abinda bana yarda ayi ta waya shine zazzaɓin yaro. Zazzaɓi sai an tsaga yatsa anyi gwajin maleriya, waya bata yin wannan, kuma maganin maleriya na yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati a Kamaru. Inda waya zata taimaka shine agogonta: yaro yana tari, ka ɗaga rigarsa yana kwance shiru ka kunna minti ɗaya ka ƙirga numfashi. Daga wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, numfashin yayi sauri a kaishi a duba. In yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko duk abinda ya sha sai ya amayar, ko ya yi laushi baya farkawa sosai, ba ƙirge ba jira. In akwai mutum na biyu a wajen ya ɗauki ɗan bidiyon jijjigar, likita zai gane abinda baki bazai iya kwatantawa ba.

Masu ciki da masu goyo, kalandar waya ta ishe ku. Ranar awo ta gaba a sa ta tun ana gaban ungozoma. Shek sante ɗin nan, wato katin da mai ciki take saya don awo da haihuwa, na sefa 6000 da aka fara a 2015 a yankunan Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, a ɗauki hotonsa da lambarsa. Katin rigakafin yaro a ɗauke shi duk bayan allura. Tun 22 ga Janairu 2024 Kamaru ta sa rigakafin maleriya cikin alluran yara na yau da kullum, ita ce ƙasa ta farko da tayi hakan, allura huɗu ce daga wata 6, kuma ta ƙarshen tana zuwa ne can wajen shekara 2 lokacin da uwa ta riga ta daina zuwa awo, ita ce ake mantawa, ita za'a sa wa tunatarwa tun yau. Haka maganin kariyar maleriya na damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa 59, na ranar farko ne ake basu a gaban ma'aikaci, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, alam biyu kawai yake buƙata.

Kuɗi kuma a taƙaice: in Yaya zai turo ta Orange Money ko MoMo, a ajiye saƙon shaida a tura gurup tare da rasit ɗin farmasi, yana kashe zargi tsakanin 'yan uwa tun kafin ya taso. Duk wanda ya kira yace daga asibiti yake, ɗan uwanka yayi hatsari turo kuɗi yanzu, katse ka kira ɗan uwan naka ko wanda yake tare dashi. Lambar sirrinka ba ma'aikacin lafiyar da yake buƙatarta. Kar kuma ka sayi magani a hannun mai talla a Facebook ko a status, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2017 cewa kusan 1 cikin 10 na magungunan dake yawo a ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci. Masu tsallaka gada daga Kusiri zuwa Njamena neman magani, ku sauke hotunan cikin wayar tun kuna wannan gefen, can Airtel da Moov ne, layinka zai iya ƙin buɗe komai a daidai lokacin da kake buƙata.

Saura maganar masu zuwa gida da tablet, wato babbar waya mai faɗin allo, suna tambayoyin lafiya, wadda nasan tana damun mutane da yawa kuma ana jin nauyin tambaya. Ba duka ne abu ɗaya ba. Akwai lissafin da kowane asibiti yake turawa ma'aikatar lafiya duk wata, yara nawa akayi wa allura, mata nawa suka haihu, ta wani tsari da ake kira DHIS2 wanda Jami'ar Oslo ta Norway ta ƙirƙira, Kamaru da Chadi duk suna aiki dashi, da irinsa ake gane inda kwalara ko ƙyanda ta fara ɓulla. Akwai masu ƙirgan gida don rabon gidan sauro. Sai kuma bincike na ainihi, inda ake so a gwada magani ko a ɗebi jini ko a bi lafiyarka wata da watanni, suna cike amsoshinka a manhajoji irinsu KoboToolbox ko ODK ko REDCap, waɗanda suke aiki ko ba rezo wato sabis, sai sun koma gari su tura.

Ni bana cikin masu cewa a kore su. Rigakafin maleriyan da ake yi wa 'ya'yanmu yau, sai da iyaye a Ghana da Kenya da Malawi suka yarda aka fara da nasu kafin ya iso mana, kuma in ba'a yi bincike a jikin mutanen Sahel ba sai dai kullum a riƙa auna mu da ma'aunin wasu. Amma tsoron mutanenmu ma yana da tushe. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye sukace ba'a gaya musu gwaji bane, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Hausawa da yawa sun ji wannan labarin. Shi yasa yanzu akwai ƙa'ida, a Kamaru ma anyi doka a 2022 akan binciken lafiya da ake yi a jikin ɗan Adam, kuma akwai kwamitin ƙasa da sai ya amince kafin a fara.

Don haka in sunzo ka basu wajen zama ka basu ruwa, sannan ka tambaya. Wa ya aiko ku, ina takardar amincewar kwamitin? Me zaku ɗauka a jikina, ina za'a kaishi, sunana zai bi shi ko lamba za'a sa? In wani abu ya same ni wa zai biya magani, wace lamba zan kira? Zan ga sakamakona? A bayyana maka da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin da kake ji, ba a karanto maka Faransanci a guje ace sa hannu ba. Kar ka dangwala yatsa ko ka ja layi akan gilashin tablet sai an baka kwafin takardar yarda ta hannu, ka ɗauki hotonta ka sa a gurup. Kana da ikon cewa a'a, kana da ikon fita a tsakiya, kuma wannan bazai hana a duba ka a asibiti kaman kowa ba. Izinin mai unguwa ko na maigida baya maye gurbin yardar mai jikin. Wasu sun taɓa zuwa gidanmu akan hawan jini, Inna ta saurare su tsaf sannan tace 'ya'yana in kun auna ni zaku rubuta min lambar a karne na ko da ita zaku tafi? Suka ce zasu rubuta, suka rubuta, sannan ta miƙa hannu.

Duk da wannan kar ka yar da takarda. Wuta tana ɗaukewa, batir yana mutuwa, rezo yana gudu. Karne yanzu cikin leda biyu yake, kuma a jakar Inna akwai ɗan kati da na rubuta da hannu, sunan magungunanta da lambarsu, maganin da jikinta baya so, da lambobin waya biyu, duk sanda aka canza ordonas sai na yaga na sake sabo. Daren da washegari zamu je randebu, wato ranar da likita ya sa mu dawo, ina cika waya da caji, na jera awon wata guda a shafi ɗaya don kar likita ya tsaya gungura hira, na rubuta tambaya uku da bana so in manta. Namu na gaba ranar Talata ne, kuma tambayar farko akan ƙafarta ce dake ɗan kumbura da yamma tun da aka ƙara mata amlodipine daga 5 zuwa 10, na ɗauki hoton ƙafar safe da yamma kwana huɗu a jere zan nuna masa.